Gurbi huɗu da dala ɗari

A ofishinmu, wani ɗaki mai fanka ɗaya a bayan babbar kasuwar Maraɗi, mu biyar ne ke rubuta manhaja, kuma muna da doka: kod ɗin da mutum ya rubuta ba ya shiga aiki sai wani ya duba shi. Shef, wato shugabanmu, shi ne ya zo mana da dokar daga wani taro a Yamai, haɗe da jaka da hula mai tambari. Ya ce wani injiniyan IBM, Michael Fagan, ya shimfiɗa tsarin tun 1976 domin a kama kuskure kafin ya isa ga mai saye. Muka karɓa hannu biyu, muka ɗinka masa babbar riga irin tamu.

Da farko dai, ba a nuna wa mutum kuskure babu gaisuwa. Sharhi kan layi guda sai ya fara da ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafin nan. Kafin a iso ga waƙafin da ya ɓace, shayi ya kai zubi na uku.

Sannan ba kod ake dubawa ba, furfurar mai shi ake dubawa. In Shef ya turo layi ɗari tara, minti biyu sun isa. "Shef, Allah shi ƙara basira." In wani mai ƙarfin hali ya hangi ɓaraka, iyakarsa ya rubuta, "Yallaɓai, wanga layi na arba'in, ƙila idona ne." Shef ya amsa, "Idonka ne." Magana ta mutu.

Amma bari yaronmu mai koyon aiki, wanda ya fito daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da zumuɗinsa, ya turo layi goma sha biyu. Ranar kowa malami ne. Na taɓa ƙirga sharhi talatin da ɗaya a kansu, bakwai nawa ne, Allah ya yafe mini. Ka bar gurbi uku maimakon huɗu. Layinka ya kai harafi tamanin da ɗaya, alhali PEP 8, kundin ladubban Python da Guido van Rossum da abokan aikinsa suka fitar a 2001, ya tsaya a 79. Yadda muke janyo lambar nan, sai ka rantse da mu aka yi zaman.

Mutum ɗaya ne bai miƙa wuya ba, Bagobirinmu da ke zuwa daga Tibiri kan babur kowace safiya. Shi maɓallin Tab yake dannawa, hujjarsa kuwa masu Linux ma haka suke yi, har faɗin gurbi takwas. Na ce masa, "Abokina, mu Python muke rubutawa." Ya ce kakanninsa ba su bi Sakkwato ba ko bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sabon gari suka kafa, to shi ne zai bi wani Guido? Ko jiya sai da na gyara masa, ya mayar.

Rigimar da ta cinye mana damina guda ita ce ta manhajar da wata ƙungiyar manoman zogale ta Jiratawa ta ba mu. Yaya za a rubuta sunan garin? Shef ya ce Djiratawa, kamar yadda yake a takardun gwamnati. Ni na ce Jiratawa, harafin D ɗin nan Bafaranshe ne ya bar shi, babu mai furta shi. Bagobiri ya ce in haka ne a mayar masa da Tsibiri. Daga nan aka gangaro kan ƴan kasuwa: mu a Nijar ƴ mai lanƙwasa muke sawa, yaron kuwa, da ya sayo kwamfutarsa ta hanyar Jibiya, ya saba da 'y irin ta Najeriya, ita kuma ƴar alamar nan ta saman harafi sai ta rufe masa zance a tsakiyar kod, komai ya tsaya. Ga allonsa QWERTY, namu AZERTY, duk wanda ya zauna ya gyara masa sai A ta koma Q, a sake ɗora wa yaron laifi. Wani Bature, Northcote Parkinson, ya yi wa irinmu ba'a tun 1957: kwamiti ya amince da tashar nukiliya cikin ƴan mintoci, ya daɗe yana gardama kan rumfar ajiye kekuna. Da ya zo Maraɗi, da kan launin kwanon rumfar ma sai an kira sulhu.

Aka gama, aka miƙa aiki, gurabe huɗu-huɗu kamar layin sallar Idi.

Kwana uku sai ga wata dattijuwa daga Jiratawa da rasit a ƙulle a bakin zane. Ba ta taɓa dafa kwamfuta ba. Ta ce, "Ɗana, zogalen jika biyar na kai, mi ya sa takardarku ta ce jika guda?" Kowa a ƙasar nan ya san dala ɗaya sefa biyar ce, dala ɗari ita ce 500, jika kuwa 1,000. Magatakarda yana shigar da kuɗi da dala, yadda manoma ke faɗa, manhajarmu tana buga adadin a matsayin sefa, ba ta ninka da biyar ba. Muka bi sawu. Layi na arba'in ne, na Shef.

Ɗakin ya yi tsit, sai kukan fanka. Can Shef ya gyara zama, ya dubi yaron, ya ce, "Kai da kake da sabon ido, mi ya hana ka gani?" Yaron ya ce, "A yi haƙuri, Shef."

Aka gyara layin cikin minti ɗaya, aka yanke shawarar aika wa ƙungiyar takardar ban haƙuri. Yau sati biyu ke nan tana kan tebur, ba a daidaita ba ko da D za a rubuta adireshin.