Mai Kaza a Aljihu Ya Kalli Fim

Idan kana so ka san yawan masana fim da Allah ya albarkaci garin Bauchi da su, bari wasu samari su ari kyamara, su haɗa ɗan wasan barkwanci su ɗora a YouTube. Kafin Juma'a ta zagayo, daga teburin mai shayi a Wunti har layin masu masa a Gwallameji, kowa ya zama darakta, har wanda ko hoton fasfo ya ɗauka sai ya yanke wa mutum kunne.

Akwai wani wasa irin wannan da ke yawo a wayoyi kwanan nan. Ba zan faɗi sunansa ba, don masu shi ba su biya ni kuɗin talla ba, kuma da ganin takalmin jarumin ka san ba su da shi. Abokai ne su uku. Ɗaya ya gama ATBU yana zaman jiran aiki, ɗaya yana jan Keke Napep ta wani Alhaji, na ukun yana gyaran waya. Mai digirin ya faɗa son wata yarinya, ga Turanci a baki, aljihu kuwa fayau. Sai ya riƙa aron kaftani da turare wurin mai gyaran waya, mai keke ya kai shi zance kyauta, ya kuma zauna a nesa sauro na cin rabonsa. Yarinyar ba wawiya ba ce. Da ta gane inda kaftanin yake kwana, sai ta fara cewa a gaishe mata da mai shi. Iyakar labarin ke nan. Babu gidan bene, babu motar alfarma, babu wanda ya ruga cikin lambu yana rera waƙa.

To ai abin da muka daɗe muna roƙo ke nan. Tun zamanin Sangaya da Wasila muke kuka cewa 'yan fim sun bar al'adarmu sun kama ta Indiya. Surutun ya yi yawa har Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Masu kukan nan, da yawansu in dare ya yi fassarar Algaita suke kunnawa, amma bar wannan. Mun ce a nuna mana rayuwar Bahaushe yadda take. Yaran nan suka ɗauka da gaske muke yi, suka nuna.

Sai majalisa ta ce tonon asiri ne.

Mutum na farko da zai yanke hukunci kullum da rantsuwa yake buɗewa: "Wallahi ni ban kalla ba, yara ne suka kunna ina wucewa." Daga wucewar nan sai ya kawo maka kashi na bakwai tiryan-tiryan, har da launin hular da mai keke ya sa, ya kuma yi gyara ga wanda ya ce shuɗiya ce. Allah ya ba mu irin wannan wucewa a wurin karatu.

Amma fitowar da ta hana majalisarmu sakat ita ce ta bashi. Mai gyaran waya ya ranta wa abokinsa dubu biyar, aka ce zuwa Litinin. Litinin ta yi ta zuwa tana komawa. Kullum amsar ɗaya ce: "Ai na tura, network ne." Ranar da ya hango mai kuɗin tafe, sai ya kara waya a kunne yana ta faɗa da wani, waya kuwa ko caji babu. A ɗakin kowa, shi kaɗai, an yi dariya har da riƙe ciki. Da aka kunna ta a majalisa kuwa sai wuri ya yi tsit, domin mai bin bashi da wanda ake bi suna kan benci ɗaya, wani ma shi ne duka biyun. Wannan ya hau gyaran hula, wancan ya tuna bai yi kiran gida ba. Can sai wani ya yi gyaran murya ya ce shi a ganinsa sautin fitowar bai fita da kyau ba. Nan take aka haɗu a kan haka. Ban taɓa ganin majalisar nan ta yi ittifaƙi da sauri irin na ranar ba, su da ko farashin buhun masara sai sun rabu gida uku. Mai kaza a aljihu, an ce, ba ya jimirin as.

Baffa kuwa matsalarsa daban ce. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ɗauka ya kaɗe, ya share hawaye, sannan ya murtuke fuska ya ce: "To yanzu, yaro, mene ne darasin?" Shi a wurinsa fim sai ya faɗakar. Ya kawo misalin Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fara saki a 2020, ya ce can ko ba komai za ka tashi da nasiha a kunne. Abin da Baffa yake so shi ne a mintuna biyar na ƙarshe jarumi ya durƙusa ya tuba, a samu dattijo mai carbi ya yi jawabi, don dariyar da aka riga aka yi ta samu takardar izini. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma haka ya sha da mu. Yana raye ana cewa shashanci, da ya rasu a 2014 sai ga masu cewa ba za a sake yin kamarsa ba, kuma mutanen dai su ne.

A cikin gida ba a tsaya kan labari ba sam. Goggo tana ganin jarumar ta ajiye tsintsiya ta ce, "Wannan 'yar gidan wa ce?" Aka shiga bincike irin na neman aure: unguwarsu, kakanninta, dalilin da ya sa mayafinta ya zame a kashi na uku, da yadda ta gaida mahaifin saurayi a tsaye. Aka yaba hancinta, aka kushe tafiyarta, aka yanke cewa yarinya ce mai hankali amma ba za ta shigo gidan nan ba. Babu wanda ya ce tana son shigowa. Akwai kuma ƙawar jarumar, mai kwashe magana nan ta kai can da sunan shawara. Na san wasu aminai biyu da kowacce ta tura wa 'yar'uwarta fitowar, ta rubuta mata cewa ta kalla za ta ƙaru.

Kuɗi fa? Nan ne mai kallo yake nuna bajinta. Ba zai ƙona data ba. Zai miƙa wayarsa ga mai tura fina-finai a bakin kasuwa, ya ba da 'yan canji a loda masa, ko ya jira aboki ya tura masa kyauta. Masu fim ko sisi ba su gani ba. Sannan ya dawo yana tambayar me ya hana hoton ya fita tas kamar Labarina na Aminu Saira. Gaskiya dai akwai abin gyara. Janareton maƙwabta ya fi jarumin murya, akwai zakaran da ya yi cara ana tsakiyar kuka, akwai yaron da ya tsaya a bayan masoya yana ƙare wa kyamara kallo har aka gama. Ni dai yaron nan ya fi burge ni, don shi kaɗai ne a garin ya kalli fim ɗin bai ce komai ba.

Idan musu ya yi zafi, akwai makami na ƙarshe: "Mu Bauchi za a koya wa fim? Shaihu Umar fa na wa ne?" Nan kam da gaskiyarsa. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta littafin, ya fito a 1934, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Tambayi mai tinƙahon ko ya kalla, sai ya ce yana da labari. Fim ɗin ya yi shekaru a ajiye yana cin ƙura a Legas, sai da Jamusawa suka gyara shi aka nuna a Berlin a 2018. Kabarin marubucin yana nan cikin gari, keke ɗaya zai kai ka, amma yawancinmu sai mun yi baƙo muke tuna hanyar.

Yanzu an ji ƙishin-ƙishin yaran za su yi zango na biyu, majalisa kuma ta yanke cewa ɓata lokaci ne. Duk da haka, bayan Isha'i ana ganin mutane suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya zuwa shagon da daraktan yake zama. Mai wucewar nan ya je ya ce in ana neman wanda zai fito a Alhaji, yana da babbar riga. Wani ya roƙa a canza wa mai cin bashin hula, don irin tasa ce sak kuma mutane sun fara kallonsa. Na ƙarshe bai nemi fitowa ba. Cewa ya yi don Allah a kashin farko a nuna an biya dubu biyar ɗin nan, a hannu, gaban shaidu, kuma idan an gama zai ba da lambar wanda za a fara tura wa.