Yadda Ake Raba Mutum Ɗaya Gida Uku a Mako Guda

Mako awa 168 ne, kuma ba a taɓa yi wa kowa gyara ba. Amma ma'aikacin da ke Kano, wanda ya yanki fom ɗin karatun ƙarshen mako a Jami'ar Bayero ko ya shiga jami'ar NOUN, ga shi da dangi tun daga Fagge har Gwarzo, masu bin sa bashin lokaci uku ne: oga, malami da 'yan uwa. Masu ba da shawara kan ce ya zana jadawali ya manna a bango. Kuskurensu shi ne zaton duka ukun awa suke ƙirgawa. Ofis sa hannu yake ƙirgawa, makaranta ranar rufewa take dubawa, dangi kuwa fuska suke nema. In ka biya kowa da abin da yake ƙirgawa, sai ka ga makon ya ishe ka har da canji.

Ofis ba shi da wuyar sha'ani. Ka isa kafin a ja layi da jan biro a rajistar safe, ka gaida oga da murya yadda zai ɗago kai. Daga nan tebur ne zai ci gaba da wakiltarka: fayil a buɗe, tabarau a kansa, fanka tana juyawa. Ka kyautata wa abokin zamanka, domin shi ne zai ce "yanzun nan ya ɗan zaga" in an tambaya. Kada kuma ka yi ƙyashin ma'aikatan Kaduna da gwamnatinsu ta mayar wa makon aiki kwana huɗu a ƙarshen 2021. Duk ranar da gwamnati ta saki, dangi ne ke fara jin labari.

Makaranta ce ba ta san ido ba, musamman inda kwamfuta ke karɓar aiki. Malami na iya jin tausayi in ka ce an yi muku rasuwa; na'ura kuwa lokaci na cika take rufe ƙofa, ko kawun wa ya rasu. Saboda haka ita za ka bai wa dare, daga bayan isha'i zuwa sanda za a ɗauke wuta, sannan ka riƙi wakilin aji da amana, ka riƙa saka masa kati. Kada ka sa rai yajin aiki zai cece ka. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta tafi tun Fabrairu ba ta dawo ba sai Oktoba, wata takwas cur, kuma ka tambayi duk wanda ya rantse zai haddace littattafansa a lokacin ko nawa ya buɗe.

Yanzu ga inda gwanintar take. Asabar ɗaya, ɗaurin aure uku, duka ƙarfe sha ɗaya, ga lacca ƙarfe sha biyu a sabon mazaunin Jami'ar Bayero kan titin Gwarzo. Sabon shiga yakan zo da wuri ya zauna can cikin masallaci, inda babu mai ganinsa sai bango, har a gama siga da ambaton sadaki. Gwani yakan iso daidai shafa fatiha, ya tsaya a bakin ƙofa inda jama'a za su ɓullo. Mutum uku yake nema: uban ango, dattijon nan na dangi da ba ya manta wanda bai zo ba tun auren kakanni, da mai hoto. Ya rage tsawo ya ce, "Baba, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya," ya riƙe hannun har sai an ambaci sunansa, ya leƙa kai cikin hoto ta bayan kafaɗar ango, ya karɓi goro da alawa a matsayin rasit, ya tari adaidaita sahu. Minti goma ke nan. Suna kuwa rahama ce ga ma'aikaci, tunda da sassafe ake raɗawa, kuma tun ranar haihuwa ka san kwana bakwai ne. Gaisuwar mutuwa ce kaɗai ba a yi wa wannan dabara: ka je, ka zauna, ka yi addu'a, laccar ta wuce.

Ke kuma Hajiya, naki lissafin ya fi tsauri, domin bikin mata ba a yi masa tsayuwar minti goma. Ga kamu, ga sa lalle, ga wuni, ga kai amarya, ga ankon da aka fitar tun daga Kantin Kwari. Ki zaɓi wuni, ki sa ankon, ki miƙa gudummawa hannu da hannu ga gwaggon da ke riƙe da littafi, ki ce, "Gwaggo, ga wannan ba yawa," ki tsaya har ki ga an rubuta.

Wani zai ce wannan ai ha'inci ne. A ɓangaren tabarau da fanka, to, yana da ɗan abin faɗa, kuma malaman unguwa za su goya masa baya. A ɓangaren dangi kuwa sam, domin uban ango bai taɓa neman awa huɗu daga kowa ba. Abin da yake so a shaida shi yana da mutane. Wani kuma zai ce tunda kuɗin mota ya yi tsalle bayan cire tallafin fetur a 2023, me zai hana a tura saƙo ta WhatsApp, a bi shi da alat? Alat yana da daɗi, babu mai mayar da shi, sai dai zumunci a ƙafa yake, kuma dattijo zai ci kuɗin ya kuma rubuta ka cikin waɗanda ba su zo ba. Mai ƙarfin hali zai ce a koyi cewa a'a kawai. Ana iyawa. Amma digirin da kake wahala a kansa walima za ka yi masa, kuma ranar nan waɗanda ka ce wa a'a su ma jarrabawa za ta kama su.

Saura barci, wanda ba shi da rajista, ba shi da gwaggo, amma ba ya yafe bashi. Yakan zo karɓa ranar Lahadi bayan azahar, a tsakiyar lacca. Ka nemi kujera a bayan ɗalibi mai faɗin kafaɗa da doguwar hula, ka tallafe haɓa kamar mai zurfin tunani, ka roƙi na kusa ya zungure ka in takardar sa hannu ta iso layinku.