Gaishe Ka, Umarnin Hedikwata

Ranka ya daɗe, Umarnin Hedikwata, sarkin da ba ya taka ƙasa. A ofis mai sanyi ake haihuwarka, a danna maɓalli ɗaya a ce ka isa kowace kwamfuta a ƙasar nan, tun daga Abuja har ƙarshen Rogo, inda Kano ta yi iyaka da Kaduna da Katsina. Da an danna, aiki ya ƙare. A rubuta rahoto, a sa hannu, kowa ya kama gabansa. Wa ya isa ya tambaya ko ka sauka?

Ko ba ka yi komai ba, bajintarka ta 2025 ta ishe ka abin faɗa. Hukumar JAMB ta yi wa manhajar jarrabawarta gyara, aka aike ka ka kai wa manyan kwamfutoci. Ka sauka a ɓangaren Kaduna, wasu na ɓangaren Legas kuwa ka wuce su ko sallama babu. Sakamako ya fito, sama da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Nan take aka sa yara a gaba: ba sa karatu, waya ta lalata su. Ministan ilimi ma cewa ya yi wannan alama ce an toshe satar amsa. Sai ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye ya ce kuskuren nasu ne, ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas. Madalla da kai! Ka kayar da yaro kusan dubu ɗari huɗu ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba, kuma kwana da kwanaki iyayensu suna hararar su. Yaranmu na Ƙaraye da Rogo, masu bita da fitilar waya bayan sun dawo daga gona, sun tsira a wannan karon don kawai ka ga damar bi ta Kaduna.

Ranar zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ma ka nuna hali. Mutane suka sha rana a layi, aka ƙirga ƙuri'a a gabansu, sakamakon 'yan majalisa yana hawa shafin IReV na hukumar zaɓe INEC, na shugaban ƙasa ya ƙi. Bayan shekara guda INEC ta yi bayanin cewa saitin can sama ne aka yi ba daidai ba. A ranar dai, ma'aikatan wucin gadi da ke riƙe da na'urar BVAS su suka sha zagi.

Duk mai noman rani a bakin madatsar Challawa ya san kunna inji daban, ban ruwa daban. Sai ya bi tiyo da ƙafarsa, ya ga ruwa ya kwanta a fangalin ƙarshe, sannan ya ce ya yi ban ruwa. To shi manomi ne, bai yi boko mai zurfi ba. Kai ka fi ƙarfin a bi sawunka.

Kada a ce sai manyan hukumomi kake wa wannan alheri. Tun zamanin Windows 2000 Microsoft ta fito da tsarin Group Policy: maimakon ma'aikaci ya bi kwamfuta ɗari ɗaya bayan ɗaya, sai ya rubuta doka a babbar kwamfuta, sauran su riƙa zuwa karɓa duk bayan kimanin minti 90. A hana sa filashi, a kulle saiti, a tilasta canza lambar sirri. Dabara ce mai kyau. Sai dai kai basarake ne, ba ka shiga gida sai an cika maka sharuɗɗa. Kwamfuta ta kasance a kunne, ta san adireshin uwar ɗakinta, netwok ya haɗa su, agogonsu kuma ya zo ɗaya. In bambancin ya haura minti 5, babbar ta ce ba ta san ƙaramar ba.

Wannan na agogon ya fi komai nuna isarka. A cikin kwamfutar tebur akwai ɗan batiri zagayayye mai riƙe lokaci idan an ɗauke wuta. Ranar da ya mutu, a tada janareto, kwamfuta ta farka tana lissafin shekarun baya. Ka zo bakin ƙofa ka juya abinka. Malamin da aka bar wa ɗakin kwamfuta ya hure ƙurar hunturu, ya kashe ya kunna, ya zare waya ya mayar, yara na tsaye a baranda suna leƙe ta taga. Ya kira injiniya a Kano da katin aljihunsa.

"Malam, mu nan komai lafiya lau. Matsalar daga wajenku take."

"To, yallaɓai. Sai yaushe za ku shigo?"

"Ka rubuto a takarda."

Alhali akwai ɗan umarni mai suna gpresult, wanda cikin minti biyu zai nuna dokar da ta sauka da wadda ta maƙale, kwamfutar kuma tana ajiye tarihin duk abin da ya hana ka shiga. Amma kafin malam ya duba sai an koya masa, kafin ya gyara sai an ba shi izinin mai gida, izinin kuwa yana Kano a kulle, saboda tsaro. Hikima ke nan: wanda ke gaban kwamfutar ba shi da makulli, mai makullin bai san hanyar garin ba.

A ƙarshe malam ya ba direban motar Kano saƙo ya sayo masa batirin, ya kwance ƙusoshi ya sa da hannunsa. Da ya nemi a biya shi kuɗinsa, aka duba rahoto aka ce masa kwamfutar nan ba ta taɓa samun matsala ba.