Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Injin Motata

Zuwa ga mai girma Injin Peugeot 504,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan ka kwana da baƙin mai a cikinka, ina kawo ƙarar abin da ka yi mini da safen nan a hanyar Mai'aduwa. Na taka totur zan wuce tirela, ka ja numfashi, ka yi tari, salansa ta buga tau! Mai tallar fura ta yar da ƙwarya a bakin titi. Ni na biya.

Silinda huɗu aka ba ka a Kaduna, inda aka soma haɗa Peugeot a 1975. Aikinsu kama wuta bi da bi: ɗaya, uku, huɗu, biyu. Yanzu uku ke aiki, ɗaya na cin albashi a kwance. Shan mai kuwa, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ka ƙara buɗe maƙogwaro. Hayaƙi da ɗigar mai na yafe.

Abin da ban yafe ba shi ne munafunci. Da mun shiga gareji a Daura sai ka zama salihi. Bakanike ya bar ka a silo, yana zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, don wadda aka zare injin bai canja murya ba, nan mataccen yake. Kowacce ya zare sai ka yi rawar ɗari kamar mai gaskiya. Ya kwance fulogai ya duba bakinsu: baƙar kunkunniya na nufin mai ya fi iska yawa, jiƙewa da baƙin mai na nufin ringi ya cinye. Naka fes. Ya kakkaɓe ƙurar hunturu daga matatar iska, ya wanke kafireta, ya zubo man tanki a kwalba ko akwai ruwan 'yan bumburutu. Sannan ya dube ni: "Alhaji, motar nan lafiyarta ƙalau. Ko ƙafarka ce?"

Ƙafata! Kai, wane irin ciwo ne ke warkewa da ganin likita? Ka san sarai kwayil mai tsaga ko wayar fulogi da ta tsufa ba sa tona kansu sai an yi zafi an ɗauki kaya. Shi ya sa kake jira mu bar Sandamu mu nufi Kazaure, inda babu gareji babu inuwa, sannan ka fara shessheƙa.

To, ji nan. Gobe bakaniken zai zauna a gaba, buhunan gero a baya, da azahar za mu hau titi. In ka yi tari, mun kama ka. In ka ƙi, 'yan gwangwan da kilo suke saye, kuma ba sa tambayar silinda nawa ke aiki.

Naka,
Mai tura ka kullum