Yadda Ake Ba Amfilifaya Biyu Wuta a Mota Ɗaya

Amfilifaya ɗaya a mota ba ta cika tayar da hankali ba. Daga biyu ne lissafi yake farawa, domin kowace tana son nata rabon wutar, alhali batir ɗaya ne, altaneta ma ɗaya. Batirin mota yana ba da bolt 12 da 'yar ɗoriya in inji na kashe, in kuma inji ya tashi altaneta takan ɗaga shi zuwa wajen 14. Tunda bolt ɗin kaɗan ne, duk wat ɗin da ake so sai an biya shi da amfiya mai yawa. Amfilifayar da ke tura lasifiku huɗu na ƙofofi, wat 75 kowace, in 'yar ajin AB ce, kusan rabin abin da ta ja zafi yake komawa, don haka tana iya neman amfiya 35 zuwa 40. Wadda ke tura wufa a but, mai wat 500 ajin D, ta fi tattali, amma ita ma takan kai 45. An tashi 80 da wani abu ke nan, a ƙaramar motar da altanetarta ba ta wuce 70 zuwa 90 ba, ga fitilu da fanka suna jiran nasu. Abin da ke ceton jama'a shi ne kiɗa ba ya jan wutar gaba ɗaya sai inda ganga ta sauka, shi ya sa fitilun wasu motoci ke lumshewa da dare daidai da bugun kiɗa. Lambar da ake lissafi da ita ita ce mai RMS a gefenta. Wat 5000 da ake rangaɗawa da jan fenti a jikin kwali, wannan don farin cikin mai saye ne kawai.

Kafin a taɓa komai, ana fara kwance kan batir mai alamar ragi. Sannan a ja waya ɗaya mai kauri daga kan ƙari zuwa bayan mota. A ma'aunin Amurka da ake sayar da waɗannan wayoyi, ƙaramar lamba ita ce babbar waya: lamba 4 ta fi lamba 8 kauri, lamba 0 ta fi su duka. Lamba 4 ta jan ƙarfe zalla ta isa wannan haɗi, amma akwai wadda cikinta alminiyam ne aka shafa mata jan ƙarfe a fuska, ita sai an ƙara kauri. Fis yana zama kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, kuma aikinsa tsare wayar ne, don kada ta goge da ƙarfe ta kama da wuta. Inda za ta huda bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, a bi da ita ta cikin roba. A but sai ta shiga marabar wuta, ta fita gida biyu da ƙananan wayoyi, kowace da fis ɗinta. Wayar bodi ta zama gajera, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure amfilifayoyin biyu a wuri guda. Kafin a huda ƙasan but a leƙa ƙarƙashi, domin tankin mai ba shi da nisa. Wayoyin sauti kuwa su bi ɗaya gefen motar, in ba haka ba wani siririn kuka zai riƙa tashi a lasifika duk lokacin da aka taka totur.

Saura waya ɗaya, siririya, shuɗiya mai farin layi, wadda ke fitowa daga bayan rediyo. Ba ta ɗaukar wani nauyi. Saƙo kawai take kaiwa: in rediyo ya kunnu ta ɗauko bolt 12, amfilifaya ta farka bayan daƙiƙa biyu ko uku, in ya mutu ta koma barci. Amfilifaya biyu za su iya raba ta, in sun fi haka a sa rile, shuɗiyar ta shiga ƙafa ta 86, ta 85 ta je bodi, wuta mai fis ta shiga ta 30, ta 87 ta rarraba wa kowa. Wannan waya ita aka fi mantawa, kuma ba a tunawa da ita sai an mayar da kafet an ɗaure kujeru.

Haka ta faru da wata tsohuwar Golf a Kano ranar Juma'ar da ta gabata, a hannun mai ita, wanda kuma shi ne mai wannan rubutu. Yana tsaye da guntuwar waya a hannu yana tunanin sake kwance kujeru, sai wani dattijo maƙwabcinsa, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi amma bai ajiye ba da shawara ba, ya matso da kujerarsa. Tun safe yake taimakawa. Ya ce a ƙwanƙwasa kan batir da dutse don wutar ta saki jiki. Ya ce a zamaninsu ba a sa fis, sai dai a yi bisimilla. Da ya ji matsalar shuɗiyar waya sai ya yi dariya.

"Haba ɗana, wuta ai wuta ce. Ga wayoyi nan cike da but, kowace ka ɗana za ta ba ka. Sai ka je har Legas neman abin da ke bayan ɗakinka?"

Mai motar ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya ɗauki ƙwan gwaji ya bi wayoyin da ke zuwa fitilun baya, har ɗaya ta kawo haske. Ya kashe makulli, hasken ya ɗauke. Ya kunna, ya dawo. Ba abin da ake nema a wayar farkarwa da ya wuce wannan. Ya haɗa, ya naɗe da salatif, amfilifayoyi suka farka, sauti ya fito tas, dattijo ya karɓi yabo.

A nan ya kamata a san abu biyu. Fitilar ribas tana samun wuta ne in makulli na kunne kuma giya na ribas. Motar da birkin hannunta ya gaji kuwa, a giya ake barinta in an yi fakin, kuma wannan Golf ɗin a ribas take kwana.

Da ribas aka fito daga gida, kiɗa na tashi. Ana saka giya ta ɗaya ya ɗauke ɗif. Mai motar ya ɗauka wata waya ce ta girgiza. Ya ƙara murya, shiru. Ya ƙara, shiru. Ya murɗa har lamba ta ƙare, ya bar ta a nan, ya ce in an dawo a duba. Rediyon dai yana ta aikinsa, yana tura wani kiɗan biki irin wanda 'yan mata ke cashewa da shi zuwa ga amfilifayoyi biyu masu barci. Dattijo yana kujerar gaba, domin shi ma an gayyace shi taron suna a gidan surukan mai motar, kuma a hanya ya bayyana cewa sabon sauti yakan yi baƙunta kafin ya saba da mota.

An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, manya sun jeru, surukin yana tsakiya cikin babbar riga. Ragon suna yana ɗaure a jikin dogon yaro. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Wurin fakin ɗaya ya rage, dab da rumfar, kuma ba a shigarsa sai da baya. Mai motar, wanda ko tari ba ya yi a gaban surukinsa, ya lallaɓa ya wuce kaɗan don kada ƙarar inji ta dami addu'a, ya taka kuloci, ya saka ribas.

Daƙiƙa biyun nan na jinkirin farkawa sun cancanci a tsaya a kansu, domin masu ƙera amfilifaya sun sa su ne don kare lasifika daga bugun farko, ba su yi tunanin za su ba mutum damar matsowa kusa da surukinsa ba. A cikinsu motar ta silalo baya a hankali, but ya saitu da rumfa. Mai motar ya waiwaya, idonsa ya haɗu da na surukin, ya sunkuyar da kai alamar gaisuwa. Liman ya ja numfashi. Sannan wat 800 suka farka a tare.

Bugun farko wufa ce ta yi shi. Lambar mota ta yi kakkarwa, tattabarun gidan suka watse, wani mai gyangyaɗi a ƙarshen tabarma ya miƙe tsaye yana salati da takalmi ɗaya a hannu. Rago ya tsinke igiya ya bi layi. Hannayen da aka ɗaga suka tsaya a sama, ba a shafa ba, ba a sauke ba. Mai motar ya zabura ya saki kuloci, inji ya mutu, amma makulli na kunne, giya na ribas, don haka duk sharuɗɗan da wayar ke buƙata suna nan cif. Ya kai hannu ga maɓallin murya, maɓallin ya cire ya biyo hannunsa.

Akwai hanya mai sauƙi ta kashe irin wannan sauti, wato a zare makulli. Tana zuwa wa mutum ne da misalin ƙarfe biyu na dare, yana kwance yana kallon silin. A lokacin, abin da ya zo wa mai motar shi ne ya fita da gudu ya buɗe but. Murfin but shi ne kaɗai abin da ya rage tsakanin wufa da manyan unguwa. Da ya ɗaga shi, geron da ke cikin faranti ya fara tsalle, kuma daga cikin gida aka ji wata ta rangaɗa guɗa, a zatonta makaɗa aka ɗauko.

Dattijo bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya leƙo ta taga yana ba da umarni da dukan muryarsa: "Taka birki! Ɗana, taka birki!" Da ya ga ba kowa a kujerar direba, sai ya miƙa hannu ya danna hon, wai sauti ne ke korar sauti. Daga nan ya ɗage gilashin gefensa ya rufe ruf, ya yi wa jama'a alama da hannu cewa an shawo kan lamarin. Mai motar kuwa ya fizge wayar sauti ɗaya, wufa ta bar kiɗa ta koma wani gurnani mai kauri, ƙofofi huɗu suka ci gaba da waƙar su kaɗai, har baitocin suka fito fili yadda liman ma zai iya bin ma'anarsu. Duk wannan surukin bai motsa ba. Hannuwansa na sama, idonsa na kan mijin 'yarsa, wanda rabin jikinsa ke cikin but, hularsa na ƙasa.

Wani yaro ƙanen matarsa ne ya shiga ya ture giyar zuwa firi. Shiru ya sauka. Sai kuma motar, da ba giya ba birkin hannu, ta fara gangarowa rumfa a natse, har sai da baƙi uku masu manyan riguna suka tare ta da kafaɗa aka sa dutse a taya. Liman ya ce, "Fatiha." Aka shafa. Surukin ya dubi wajen motar ya ce, "Sannunku da zuwa. Mun ji isowarku."

Yaron ne ya faɗi ganewar cutar a gaban kowa: "Yaya, ai in ka sa ribas ne take waƙa." Gyaran kuma sananne ne, a kwance kujeru, a ɗaga kafet, a ja shuɗiya mai farin layi daga bayan rediyo har but, kamar yadda ya zo a sama. Dattijo bai goyi bayan haka ba. A hanyar komawa, bayan an kamo rago, ya ce manyan motoci kuɗi ake biya a saka musu abin da zai yi ƙara in za su ja da baya, ga shi Allah ya ba ɗansa kyauta. In kuma kiɗan yake so a kan hanya, ai daga gidansu zuwa bakin titi ba kwana ko ɗaya.