Babin Cire Mutum Daga Hoto

Gyaran hoto da kwamfuta shi ne sauya abin da kyamara ta riga ta ɗauka: a ƙara haske, a share ƙuraje, a ɗauke mutum daga ƙofar gidansu a ajiye shi gaban wani bene na Dubai. A kwalejojin da ake koyar da zane da tsara ɗab'i a Kano, darasin yakan zo ne bayan ɗalibi ya saba da CorelDRAW, wadda masu buga kalanda da katin biki suka fi riƙewa. Gyaran kansa da Photoshop ake koyonsa, manhajar da wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya sa ta kasuwa a 1990. Misalin da za a bi a wannan babi na wani ɗalibi ne ɗan Gaya mai zango ɗaya tak a kwas ɗin, wanda shi ne mai wannan rubutu, wanda kuma tun Asabar ɗin da ta wuce ba ya fita ƙofar gida sai duhu ya yi.

Ginshiƙin aikin shi ne leya, wadda ta shigo Photoshop a 1994. Kamar a jera fararen ledoji ne ɗaya bisa ɗaya, kowace da nata zanen, ta yadda za a zare guda ba tare da an taɓa sauran ba. Ƙa'idar ita ce kada a taɓa hoton asali, kuma a adana aikin da leyoyinsa a fayil ɗin PSD kafin a haɗe su. Ɗalibin ya rubuta wannan ƙa'ida a littafinsa, ya ja mata layi biyu.

Aikin ya zo masa daga gida. Yayansa zai ƙara aure, amarya 'yar Ajingi, ana son babban fileks da za a rataya bayan kujerarta ranar wuni. Mahaifinta bai yarda da hoton kafin aure ba, don haka babu hotonsu tare. Hoton ango mai kyau guda ɗaya ne, na wata Sallah, yana zaune cikin babbar riga, uwargida na tsaye bayansa ta dafa masa kafaɗa yadda mai hoto ya tsara su. Abin da ake buƙata shi ne a cire uwargida a sa amarya. Ɗalibin ya ce aikin minti goma ne.

Cire mutum daga hoto ya girmi kwamfuta. A Tarayyar Sobiyet, bayan an kashe Nikolai Yezhov a 1940, ma'aikata sun share shi daga hoton da yake tafe kusa da Stalin a bakin ruwa, suka cike gurbinsa da ruwa. Da hannu suka yi, da buroshi, kuma ko yatsa ba su bari ba. A yau hanyoyin biyu ne. Ko dai a goge wanda ba a so a cike wurinsa da hatimin da ke kwafo bango daga gefe, ko kuma a bi gefen wanda ake so da alƙalamin yanka, a ɗauke shi zuwa sabon bango. Ta biyun ta fi sauri, amma tana da sharaɗi guda da littattafai ba sa nanatawa yadda ya kamata: alƙalami gefen waje yake bi, duk abin da ke cikin da'irar kuwa tare da mutumin zai tafi. Ɗalibin ya bi ta biyun.

Maganin wannan shi ne zuƙo hoton zuwa kashi 100, a bi shi lungu-lungu. Dalilai uku suka hana. Babu wuta a Gaya daren nan, batir ya yi ƙasa, sai ɗalibin ya rage hasken allo har ƙarshe. Aikin da ke kafaɗar rigar da zare ruwan ƙasa aka yi shi, launin da bai da nisa da jan lalle. Na uku kuma ƙannensa sun kewaye shi suna kallo, kuma gwani ba ya zuƙo hoto a gaban yara. Ya haɗe leyoyin, ya mayar da launin daga RGB na allo zuwa CMYK na tawada, ya adana JPEG a kan hoton asali, ya tura wa maɗaba'a a Kano. Mai ɗab'i abin da aka ba shi yake bugawa. Ƙirga gaɓoɓi ba ya cikin kuɗinsa. Fileks ya biyo motar haya ta Wudil a nannaɗe, ya iso ranar Asabar bayan azahar, ba wanda ya warware shi.

A nan ne ake buƙatar ɗan lissafi. Allon kwamfuta mai inci 14 tsayinsa kusan inci 7 ne. Fileks mai ƙafa 6 inci 72 ne. Wato duk abin da ke allo zai ninka kusan sau goma, abin da ya yi kamar ƙwayar gyaɗa zai dawo girmansa na Allah da Annabi.

An kafa rumfa a Ajingi, mata sun cika, dangin amarya a dama, na ango a hagu, uwargida a sahun gaba cikin sabon leshi tana karɓar sannu da haƙuri. Ɗalibin ya hau kujerar roba ya riƙe kusurwa ɗaya, wani yaro ya riƙe ɗayar, aka fara saki daga sama. Rubutun fatan alheri ya fito da ruwan zinare. Hular ango ta fito, ɗaurin amarya ya fito, fuskoki biyu suka fito sumul kamar ba a taɓa yin hunturu a ƙasar Gaya ba. Mai guɗa ta toshe hanci ta rangaɗa. Ɗalibin ya ji ana cewa ai ɗan kwalejin nan ne ya yi, ya gyara tsayuwa. Sai kafaɗa ta fito.

Guɗa tana da farko tana da ƙarshe. Wannan ta tsaya a tsakiya, kamar rediyon da aka zare wa batir.

Yatsu huɗu ne, babban yana ta baya. Sun kwanta a kafaɗar ango ta hagu cikin natsuwa, da jan lalle har gaɓa ta biyu, da zoben azurfa a na tsakiya, zoben da duk macen da ta taɓa shiga gidan a Gaya ta sani. Daga wuyan hannu zuwa sama babu komai sai furannin bango. Amarya kuwa a hoton tana zaune a dama, hannayenta biyu a kan cinya, an yi musu baƙin lalle mai zane.

Gwaggon amarya ta taso, ta sa tabarau, ta matso har numfashinta na taɓa ledar. Ta nuna da yatsa tana ƙirgawa a fili.

"Ɗaya. Biyu." Ta ɗan dakata. "Yaro, wannan na ukun na wace ce?"

Ba a amsa ba, don duk idanu sun riga sun koma sahun gaba, inda zoben yake zaune da kansa a hannun mai shi. Uwargida ta dubi hoton, ta dubi hannunta, ta juya shi a hankali kamar mai duba ko lallen ya kama. Ya kamata a rubuta, don amfanin ɗalibai, cewa a wannan lokaci an ga yatsun hagu na ɗalibin suna danna iska a jikin sandar rumfa. Ctrl da Z suna mayar da aiki baya a cikin kwamfuta. Ba sa aiki a filin biki. An gwada.

Idan aka sake bin abin daki-daki, mafi munin daƙiƙar ba ta ƙirgar gwaggo ba ce. Ita ce wadda ta gabace ta, lokacin da ɗalibin, yana sama, bai ga abin da na ƙasa suka gani ba, ya ɗauka shirun na mamakin gwaninta ne, ya ce da ƙarfi, "Ai ba komai, aikin minti goma ne." Mutanen Gaya suna alfahari da cewa maƙeransu, Abagayawa, su ne suka je Dala neman tama tun kafin Kano ta zama birni. Maƙeri yakan juya fartanya ya duba bayanta kafin ya miƙa wa mai ita.

Gyaran kuskure bayan ɗab'i ba shi da babi a manhajar kwaleji, sai dai an samu masani a wurin, dattijon da ya kawo hayar kujeru. Ya ja ɗalibin gefe, ya sassauta murya.

"Ɗana, kada ka ɗaga hankalinka. Sabis ne."

"Baba, ai ba…"

"Sabis ne. Ɗana na Legas yana turo min bidiyo, ya zo rabi ya tsaya yana ta juyi. Ita ma baiwar Allah nan tafiya take, sabis ya yanke, hannu ya rage. Ajingi sai ka dace."

Maganinsa shi ne a ɗauki fileks ɗin a kai kusa da ƙarfen sabis, a ɗaga shi sama minti goma. Da aka ce ba zai yiwu ba, ya ce to a naɗe a sake warwarewa, ai haka ake yi wa waya. Da wannan ma bai samu karɓuwa ba, ya tambaya ko data ce ta ƙare, ya laluba aljihu zai taimaka. Yara biyu, ba tare da an sa su ba, suka hau kujeru suka ƙara ɗaga kusurwar hagu. Dattijon ya ja baya, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana nazari.

"Ka gani? Ƙaramin yatsan ya fara dusashewa."

Bai fara ba. A ƙarshe wata daga dangin amarya ta maƙala farin hankici a wurin da fil, wanda daga nesa ya zama kamar uwargida ce ke miƙa wa ango abin share gumi. Daga ɓangaren uwargidan kuma an aiko wa ɗalibin kwano, cinyar kaza biyu a kan shinkafa, da saƙon cewa ƙanin miji ya iya aiki, a buga mata kalanda hamsin.

Da magariba dattijon ya dawo kwashe kujerunsa. Ya tsaya gaban fileks ɗin, ya ɗaga hankicin da yatsa ɗaya, ya leƙa.

"Har yanzu? To layin ne. Ka canza layi."