Jinjina ga Karimi Mai Rabon Hayaƙi

Ranka ya daɗe Alhaji mai mota, sannu da karamci. An daɗe ana yabon masu rabon hatsi da azumi da masu haƙa rijiya a ƙauye, amma kai da kake rabo safe da yamma, rani da damina, ba a taɓa tsayawa an ce maka ko sannu ba. Yau na zo biyan wannan bashi. Mai rabon hatsi sai an yi layi a ƙofar gidansa, a tattake wani, a mari wani. Kai kuwa da kanka kake bin mutane da rabonsu, ta bakin salansa, tun daga Hotoro har Kurna a nan Kano. Ba ka tambayar addinin mutum ko jam'iyyarsa. Duk mai hanci ya samu.

Na ga aikinka da idona wata ranar Alhamis, wajen ƙarfe biyu na rana, a wata danja da ke kan titin Zariya. Wata yarinya ce, ba za ta wuce shekara goma ba, ɗauke da farantin dafaffiyar gyaɗa, ƙanenta na riƙe da gefen hijabinta. Yaron nan Allah ya yi tsayinsa daidai da bayan motarka, hancinsa na kallon salansa kamar an auna. Koriyar fitila na kamawa ka ba ta wuta. Wani baƙin gajimare ya fito ya lulluɓe su biyun. Yarinyar ta yi wuf ta ja hijabi ta rufe farantin, ta bar hancinta a buɗe, don gyaɗar ce jarin gidansu. Yaron ya durƙusa yana tari, idanunsa na ruwa. Kai kuwa ko waiwaye ba ka yi ba. Haka karimai suke, ba sa tsayawa ganin fuskar wanda suka bai wa.

Abin da ya fi burge ni shi ne da kuɗinka kake wannan hidima. Kowane bakanike ya san baƙin hayaƙi fetur ne da ya shiga inji ya fita bai gama ƙonewa ba, shuɗi kuwa baƙin mai ne da ya sulale ta ringin da ya cinye. Ke nan sai ka bi layi a gidan mai, ka biya, sannan ka fesa wa jama'a. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa, har ta haye 1,000 kafin ƙarshen 2024. Masu ƙaramar zuciya suka jingine motoci, suka koma hawan Adaidaita Sahu. Kai ba ka rage ko ɗigo daga rabon talakawa ba.

Har wanda ido ba ya gani kana bayarwa. Kowace litar fetur da ta ƙone tana sakin iskar kabon mai nauyin kusan kilo 2.3. Tanki ɗaya mai lita 50 ya haura nauyin buhun siminti biyu ke nan, duk ka aika sama. Wannan iska ba ta watsewa da yamma kamar hayaƙin murhu. Wani kaso nata yakan yi ɗaruruwan shekaru a sararin samaniya yana tare zafin rana kamar bargo. Jikokin da ba a haifa ba za su sami rabonsu a zafin bazara da rikicewar damina. In ana neman abin da ke gudana bayan ran mai shi, ga shi nan ka kafa.

Ban manta da ranar da na tarar da kai a gareji ba. An ɗaga mota, bakanike ya leƙo daga ƙarƙashi, hannu duk baƙin mai, ya ce, "Alhaji, indomin nan ne ya shaƙe ta. A cire shi kawai, ka ga yadda za ta sake." Ka ce, "To Oga, yi yadda ka gani." Aka yanke salansa, aka zazzage wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, aka mayar da fanko aka yi walda. Wannan abin da kanikawa ke kira indomi shi ne matatar da ke kama gubar hayaƙi ta sauya ta kafin ta fita, har da iskar nan marar launi marar wari da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. A cikinsa akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinom, shi ya sa ba a taɓa ganin an jefar da shi a bola ba, akwai masu saye suna jira. Ka bar wa Oga ya ƙaru, ka buɗe wa jama'a ƙofar rabo gaba ɗaya. Kyauta biyu a zama ɗaya.

A wannan zaman aka cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, aka haɗa fanka kai tsaye. Yanzu inji ya daɗe bai kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, kwamfutar mota na ta ƙara masa fetur tana zaton har yanzu asuba ce. Da 'yar fitilar nan mai siffar inji ta kama a gaban sitiyari tana ƙorafi, sai aka yanko baƙin salatif aka liƙe mata baki. Daidai ne. Ina ita ina tsoma baki a harkar manya?

Baƙin man da aka juye kuwa, yaron gareji ya kai shi kwata ya tuttular. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ruwan sama na zuwa kwata ta miƙa wa lambatu, lambatu ya miƙa wa kogin Jakara, a can gaba kuma masu lambu na jan ruwan suna ban latas da alayyafo. Ran nan Hajiya ta aiki yaro cefane, abinka ya dawo maka a faranti.

Ƙananan ayyukanka ma ba zan tsallake su ba. Tayoyinka huɗu a saɓule suke kamar silifas ɗin almajiri, mai faci na bakin titi da ma'aunin iska amma ba ka taɓa damunsa ba, ka bar inji yana jan mota kamar jaki a yashi. But ɗinka cike yake da tsohon batir, da jarkoki, da ragowar tayil ɗin ginin bara, kullum kana yawo da su gari. Masallacin unguwa taku ɗari uku ne daga ƙofarka, amma da mota kake zuwa, a daidai lokacin da inji ke da sanyi, lokacin da ya fi shan mai ya fi fitar da guba. In ka je ɗauko yara makaranta, sai ka iso da rabin awa, ka rufe gilashi, ka bar inji da na'urar sanyi suna aiki a bakin ƙofar da ɗaruruwan yara za su fito. Naka su shiga sanyi, na mutane su bi ta bayan mota. Daga danja zuwa danja kuwa sai ka take totur kamar an biyo ka, ka je ka cije birki a bayan wanda ka wuce ɗazu.

Kada ka ji kaɗaici, kana da abokan karamci a ƙetare. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka, 40 cikin 100. Masu bincike a Holan sun duba waɗanda ake lodawa a tashoshinsu zuwa nahiyarmu, suka tarar yawancinsu sun yi shekara 16 zuwa 20, ba su da takardar shaidar lafiyar hawa titi, wasu ma an riga an cire musu indomi tun can. Abin da dokarsu ta hana su shaƙa suka yi mana kyautarsa, mu kuma muka wanke muka sa masa suna 'yar Kwatano. Man ma haka. A 2016 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Benin da Ghana da Mali, ta sami dizal da farar wutar da ke cikinsa ta ninka abin da Turai ta yarda da shi har sau 378. Dillalan sun ma ware masa suna, wai irin na Afirka. Sai a 2020 ƙungiyar ECOWAS ta tsayar da iyakar farar wuta a kashi 50 cikin miliyan, alhali ta Turai 10 ce.

Su wa suka amfana? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi ajalin mutum miliyan 4.2 a 2019, ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da cututtukan huhu, kuma hayaƙin ababen hawa na cikin manyan masu zuba gudummawa. Tun 2012 cibiyarta mai binciken ciwon daji ta sa hayaƙin dizal a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin huhu. A Landan, wata yarinya 'yar shekara 9 da gidansu ke gefen babban titi ta rasu da asma a 2013, kuma a Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta gurɓatar iska cikin abin da ya kashe ta. Ka ga rashin kunyar Turawa, sun kama sunan mai kyauta sun rubuta a takarda. Mu nan mun fi su sanin ya kamata. In yaro ya kwana ƙirjinsa na fito, sai mu ce sanyi ne, ko hazo ne, ko gado ne daga dangin uwa. Asirinka a rufe.

Akwai dai wasu marowata a garin nan da ya kamata ka yi hattara da su. Maƙwabcina ɗaya ne daga ciki. Kowane wata sai ya tsaya wajen mai faci an auna masa iska. Yana juyen mai a kan lokaci, yana sauya filogi da matatar iska kafin su mutu, ya hana kowa taɓa masa indomi. In tsayuwa za ta wuce minti guda sai ya kashe inji. Yana tashi a hankali, yana hango danja tun daga nesa ya ɗaga ƙafa. Cefane da kai saƙo da gaida mara lafiya duk a fita ɗaya yake haɗa su. Shi da mutum uku na layinmu mota ɗaya suke shiga zuwa Kantin Kwari, yau ta wannan gobe ta wancan. Masallaci da ƙafa yake zuwa, wai har hawan jininsa ya sauka. Baƙin mansa a jarka yake tarawa. Ka bi bayan motarsa tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har Bata, ba za ka sami abin da za ka yi tari da shi ba. Kuɗin da ya kamata ya ƙone wa jama'a, shinkafa yake saya wa iyalinsa da su. Ka ji rowa.

Alhaji, a nan zan ajiye kirari, don maƙogwarona ya ƙi ɗaukarsa. Na taɓa kwana zaune da yaro a cinyata, yana jan numfashi kamar ana zare shi ta ramin allura, haƙarƙarinsa na shiga suna fita, uwarsa na tsaye da fitila tana salati. Wanda ya ga wannan daren ba zai ƙara kallon baƙin hayaƙi a matsayin ƙaramin abu ba. Ban ce kai kaɗai ne mai laifi ba. Wanda ya sayar mana da gubar mai yana da nasa, hukumar da ke ba mota takardar lafiya ba tare da an leƙa salansarta ba tana da nata, haka gwamnatocin da suka bar birni mai miliyoyin mutane babu wadatattun manyan motocin haya. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, dalilin tsaro ne ya sa, ba huhun kowa ba. Amma an taɓa cin irin wannan yaƙi. Fetur mai darma, wanda ke dakushe ƙwaƙwalwar yara, an yi shekara da shekaru ana cewa inji ba zai rayu babu shi ba. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina shi a 2006, Aljeriya ta rufe ƙofa a 2021, kuma motoci ba su daina tafiya ba.

Naka kason bai kai wannan wuya ba, ba ya jiran doka, ba ya jiran motar lantarki. Awon iska ne, da filogi huɗu, da makullin da za ka murɗa baya in ka tsaya, da kalmar "a'a" ranar da Oga ya leƙo daga ƙarƙashin mota. Duk cikinsu babu wanda ba aljihunka zai fara amfana ba. Hanya ta kowa ce, iska kuwa ta fi hanya zama ta kowa, don mutum na iya sauya titi amma ba ya iya ɗage numfashi zuwa gobe. Addinin da ya ɗauki kawar da ƙaya daga hanya a matsayin sadaka ba zai rasa abin cewa ba game da wanda ke zuba wa masu hanyar guba.

Gobe da rana za ka sake tsayawa a danjar nan. Yarinyar na nan da farantinta, ƙanenta na riƙe da hijabinta, tsayinsa bai ƙaru ba. Kafin ka taka totur, don Allah ka dubi madubi.